Awon Itace a Kwarin Majiya: Daga Igiya da Sikeli zuwa Tauraron Ɗan Adam

Wanda ya gangaro daga tudun Buza zuwa kwarin Majiya da rani, abin da zai fara tare masa ido shi ne layukan dogon yaro, kore shar, sun datse kwarin a gicciye, layi bayan layi, tsakaninsu gonakin da aka girbe. Wasu layukan sun yi giɓi, wasu itatuwan an sassare musu kai sun sake tofowa, amma tsarin bai ɓace ba. Da igiya aka ja su, da taku aka raba tsakaninsu, kuma da wuya a sami itatuwan da suka sha awo a ƙasar Hausa kamar su. An auna tsayinsu da kaurinsu, an auna iskar da suke tarewa da hatsin da ke bayansu, har ta kai an bi sawun ruwan da ke hawa cikin jikinsu don a gano daga ina suke sha.

Wannan sana'a ta awo ta girmi itatuwan. A 1966, ma'aikatan wata cibiyar binciken dazuzzuka ta Faransa, wadda ake taƙaita sunanta da CTFT, suka killace ƴan filaye a Allokoto, a ƙasar Adar. Kowane fili aka yi masa iyaka, aka gina masa kwarami a gindinsa, yadda duk ruwan da ya gangaro da duk ƙasar da ya kwaso za su taru wuri ɗaya. In an ɗauke ruwan sama sai a duba ma'aunin ruwa, a kwashe laka, a shanya, a ɗora a sikeli. Wani filin an bar shi da noma irin na gargajiya, wani an jera masa duwatsu a gicciye. Shekara shida ana wannan aiki na haƙuri, kuma a 1973 Jean-Claude Delwaulle ya wallafa sakamakon: filin da aka jera wa duwatsu yana riƙe ƙasarsa da ruwansa nesa ba kusa ba. Adarawa sun daɗe da sanin haka, don jera duwatsu a gona ba baƙon abu ba ne gare su. Abin da Allokoto ta ƙara shi ne adadi, irin wanda ake iya ajiyewa gaban minista.

Kafin tawadar rahoton ta bushe, fari ya gama cinye ƙasar. Daga 1968 zuwa 1974 damina ta yi ta gazawa, dabbobi suka mutu, itatuwa suka bushe a tsaye, waɗanda suka rage kuma gatari ya bi su. Kwarin Majiya, wanda ruwansa ke gangarawa kudu maso yamma har tafkin Kalmalo a ƙasar Sakkwato, ƙasa ce mai albarka, amma ta zama fili fetal. Iskar gabas takan yini tana kwashe saman ƙasa duk tsawon hunturu. Da faɗuwar damina kuma, guguwar da ke zuwa gaban hadari takan turbuɗe tsiron hatsi cikin rairayi, ko ta yanke shi da ƙwayar yashi, sai manomi ya sake shuka, wani lokaci har sau biyu ko uku, alhali irin da ke rumbu ya ƙare.

A wannan hali ne shugaban ma'aikatan gandun daji na Buza, Dauda Adamu, tare da wani ɗan sa-kai Ba'amurke mai suna Don Atkinson-Adams, suka kai wa ƙungiyar CARE shawarar a yi wa kwarin shingen itace. Aka fara dashe a Garadume a 1975, shekarar da gwamnatin Seyni Kountché ta mayar da ranar 3 ga Agusta, ranar samun ƴancin kai, ta zama kuma ranar dashen itace a faɗin Nijar. Tsarin ba shi da wuyar ganewa: layi biyu jere da juna, mita 4 tsakanin itace da itace, mita 100 tsakanin shinge da shinge, duka a gicciye da hanyar iska. Mutanen gari suka haƙa ramuka, aka reni dashe a gandun reno kusa da rijiyoyi, aka ɗauki masu gadi don kada awaki da raƙuma su gama da shi tun yana ƙarami.

Zaɓen dogon yaro abin lura ne, domin a waɗannan shekaru itacen da ke tashe a ofisoshi shi ne turare. Asalinsa Ostireliya, yana miƙewa sambal, yana saurin girma, kuma masana sun yi ta gwada irinsa daban-daban a Afaka kusa da Kaduna da kuma kewayen Yamai, suna ɗaura masa awo kowace shekara a tsayin mita 1.30 daga ƙasa, inda ƙa'idar aikin daji ta ce a auna kaurin itace. A ƙarshen shekarun 1970 Bankin Duniya ya zuba kuɗi a gonakin turare a Nijar, har da na ban-ruwa a Namarde Gungu, bakin kogin Kwara, kuma kuɗin da kowace hekta ta ci ya yi wa itacen da aka samu yawa. A ƙasar da ruwan shekara ba ya cika wuce milimita 500, turare ba ya yin ƙarko sai inda saiwarsa ta taɓa danshi. Dogon yaro shi ma baƙo ne, daga Indiya Turawan mulkin mallaka suka kawo shi, amma ya riga ya zama ɗan gida a kasuwanni da ƙofar fada. Yana jure ƙishi, yana riƙe ganyensa lokacin da iska ta fi ƙarfi, in an sare shi ya tofo. Aibinsa ya bayyana daga baya: yana girma sai gindinsa ya zama fayau, dabbobi sun cinye rassan ƙasa, iska ta sami hanyar kurɗawa. Sai aka koma haɗa shi da bagaruwa, wadda ƙayarta ke kare ta, take kuma toshe ƙasan shingen. Kafin ƙarshen shekarun 1980 tsawon shingayen kwarin ya haura kilomita 400.

Tun ranar farko manomi yana da tambayarsa, kuma tambaya ce mai nauyi. An yanki wani sashe na gonarsa an dasa itace, inuwar za ta ci wani sashen, tsuntsaye za su sami masauki. Me zai samu a madadin wannan?

Amsar farko ta fito daga wata ɗaliba daga Holan, Els Bognetteau-Verlinden, wadda ta yi aikinta a kwarin ta kuma rubuta rahotonta a 1980. Kayan aikinta ba su da yawa: ma'aunin iska mai ƴan kofuna da ke juyawa a kan sanda, igiyar awo, da sikeli. Ta kafa ma'aunin a wurare daban-daban bayan shinge da kuma a fili, ta yanki hatsi daga ƙananan filaye masu girma ɗaya, aka sussuka aka auna. Ko bayan an cire filin da itatuwan suka mamaye, gonar da ke cikin kariya ta fi ta fili da kusan kashi 23 cikin ɗari. Wannan adadi ya yi tafiya mai nisa. Ya shiga rahotannin masu ba da agaji, ya shiga littafin da Paul Harrison ya wallafa a 1987 kan farfaɗo da ƙasar Afirka, kuma sunan Majiya ya zama abin misali a tarukan duniya.

Sai dai awon damina ɗaya ba ya zama hukunci. A tsakiyar shekarun 1980 CARE ta sa aka sake bincike mai faɗi, masana ƙasa daga jami'ar Texas A&M su ma suka shigo da nasu na'urorin auna zafi da danshi da gudun iska. Ƙarin da aka samu a wannan karon ya sauko zuwa wajen kashi 15, kuma ya bambanta daga gona zuwa gona, daga shekara zuwa shekara. Hatsin da ke gindin shinge yakan tsumbure, wanda ke can tsakiya ya fi kyau. Wannan ba gazawa ba ce ga aikin. Kashi 15 na hatsi a gidan da ke ƙirga dami kafin kaka ta zagayo ba ƙaramin abu ba ne, ga kuma hutu daga maimaita shuka. Abin takaici kawai shi ne yadda adadi mafi girma ya ci gaba da yawo a takardu, aka kwaikwayi tsarin a wuraren da ba su da irin ƙasar Majiya.

Binciken na shekarun 1980 ya tono wani abu da ma'aunin iska ba zai taɓa nunawa ba. Masu nazarin zaman jama'a, James Delehanty da Marilyn Hoskins da James Thomson, sun zauna da mutanen ƙauyuka, kuma rahotonsu na 1985 ya nuna manoma suna yaba shingayen, amma galibinsu ba su ɗauki itatuwan a matsayin nasu ba. Na gwamnati ne, na ƴan gandun daji. Ba su yi kuskure ba, don dokar daji ta 1974 ta ba ma'aikaci ikon cin tarar mutum a kan itacen da ke tsakiyar gonar ubansa. Makiyaya, Fulani da Buzaye, waɗanda suka saba sauka kwarin bayan girbi su ci kara su bar taki, an hana su shiga shekara da shekaru har dashe ya yi ƙarfi. Mata masu ƴan awaki da tumaki su ma sun ɗanɗana, domin akuyar da ta kuɓuce ta shiga dashe tana iya jawo tarar da ta kusa kai kuɗinta. Da itatuwan suka isa sara, aka fara datse kawunansu sama da inda dabba za ta kai, aka sami itacen girki da sandunan rufin ɗaki masu daraja a kasuwa, sai rabon ya zama abin muhawara: mai gona ne zai ɗauka, ko waɗanda suka haƙa ramuka, ko gari gaba ɗaya? A ƙarshe ƙungiyoyin haɗin kai na ƙauyuka aka damƙa wa sara da sayarwa. Doka kuwa ta daɗe tana jan ƙafa: dokar karkara ta fito a 1993, sabuwar dokar daji a 2004, sai a watan Yulin 2020 gwamnati ta sa hannu kan ƙudurin da ya tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya raya a gonarsa.

Saura tambaya mafi wuya, wadda ke ɓoye ƙarƙashin ƙasa. Me ya sa shingen dogon yaro ya yi wa hatsi rana a Majiya, amma a wasu wurare manoma suka ce yana kashe musu gona?

A farkon shekarun 1990 masu bincike daga jami'ar Edinbara, Mark Smith da Paul Jarvis, tare da abokin aikinsu Odongo na cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, suka tunkari lamarin da kayan aikin da ba a saba gani a gonar hatsi ba. Ɗaya daga ciki na'urar auna hawan ruwa ce a jikin itace. Ana huda ƴan ramuka siririya a kututture, a cusa allura mai ɗumama a tsakiya, a sa masu jin zafi sama da ƙasa da ita. Lokaci-lokaci allurar takan saki ɗan zafi na ƙiftawar ido. Ruwan da ke hawa daga saiwa zuwa ganye sai ya ɗauki zafin ya yi sama da shi, kuma saurin isarsa ga allurar sama shi ke nuna saurin ruwan. Wani akwati mai batir yana rubuta adadin dare da rana. Da haka ake sanin yawan ruwan da itace ke sha da hantsi, da yadda yake ragewa da la'asar, da yadda yake kusan tsayawa cikin dare.

Ɗayar dabarar ta fi ban mamaki. Ruwa ba duka ɗaya ba ne a wurin mai awo: a cikinsa akwai nau'in iskar oksijin mai ɗan nauyi, kuma yawansa a ruwan da rana ta daka a saman ƙasa ya bambanta da na ruwan da ke kwance can ƙarƙashi. Kowane ruwa da tambarinsa, kamar yadda makiyayi ke gane raƙuminsa cikin garke. Sai suka ɗebi ruwan rijiya, suka tatsi danshin ƙasa daga zurfi daban-daban, suka tatsi ruwan jikin reshen dogon yaro da na karan hatsi, suka gwama. Sakamakon, wanda aka wallafa a 1997, ya warware gardamar. A Majiya ruwan ƙarƙashin ƙasa yana tsakanin mita 6 zuwa 8. Dogon yaro yakan sha daga sama ne kawai bayan an yi ruwa, lokacin da danshi ya wadaci kowa, kuma da ƙasa ta fara bushewa sai ya koma zurfi ya bar wa hatsi saman. A Sadore kuwa ruwan yana wajen mita 35, saiwa ba ta kai gare shi, don haka itace da hatsi suna cin kwano ɗaya, cikin mita biyu zuwa uku na sama, duk shekara. Sirrin Majiya yana cikin zurfin rijiyoyinta. Da an san haka tun farko, da an rage asarar dashe da ɓacin ran manoma a wurare da dama.

A arewa da Buza, a Keita, aikin ya ɗauki wani salo da wani girma. A watan Mayun 1984 aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada, kuma a wannan shekara ta yunwa aka buɗe furojen Keita, da kuɗin Italiya, da jagorancin hukumar FAO a ƙarƙashin Renato Carucci, da abincin hukumar agajin abinci ta PAM a matsayin ladan aiki. A nan ba iska kaɗai ce abokiyar gaba ba, ruwa ne mai gudu a kan fako da gangaren duwatsu, yana tsaga korama yana cinye fadama. Maza da yawa sun tafi ci-rani, saboda haka mata ne suka ɗauki mafi yawan nauyin: su suka fasa duwatsu, suka ɗauko su a ka, suka haƙa ramuka masu tsawon mita 3 a jikin tsauni, kowane rami da ɗan itacensa a ciki, yawanci daga dangin ƙaya irin su bagaruwa da dakwara. Daga 1991 aikin ya faɗaɗa zuwa Buza da Abalak. Cikin shekaru kusan ashirin an gyara sama da hekta 34,000, an dasa itace wajen miliyan 18.

Irin wannan fili ya fi ƙarfin igiyar awo. Masanan Italiya daga birnin Fulorans, tare da takwarorinsu na Nijar, suka ɗauko hotunan jirgin sama na 1962 da hotunan tauraron ɗan adam na shekarun baya, suka jera su. Hotunan sun nuna dajin da ya kusa ƙarewa a 1984, kimanin hekta 10,000, ya koma wajen hekta 45,000 a 2002. Masanan sun kuma nuna abin da ba a cika faɗa a bikin yabo ba: jama'ar yankin, waɗanda ba su wuce 65,000 ba a 1962, sun kai wajen 230,000 a 2003, kuma ƙarin hatsin da aka samu bai kamo ƙarin bakunan ci ba. Keita ta ci gaba da tura samarinta ci-rani.

Tun daga nan idon sama ya ƙara kaifi. A 2023 wata tawaga ƙarƙashin Compton Tucker na hukumar NASA da Martin Brandt na jami'ar Kopenhagen ta sa kwamfuta ta bi hotuna sama da 300,000, ta ƙirga itace ɗaya bayan ɗaya daga tekun Atlantika zuwa Bahar Maliya, ta sami biliyan 9.9. Gawon da ke gonakin Keita da dogon yaron Garadume suna cikin wannan lissafi. A ƙasashen da turare ya zama babbar sana'a kuma, awo ya koma na minti-minti. A Itatinga, cikin jihar Sao Paulo ta Burazil, tun 2008 akwai hasumiya a tsakiyar gonar turare da ke auna numfashin dajin gaba ɗaya, ga na'urori binne a ƙasa suna bin danshi zuwa zurfin mita da yawa. A irin waɗannan gonaki akan ɗaura wa kututture ɗamarar ƙarfe mai jin motsin da bai kai kaurin gashi ba. Ita ce ke nuna cewa itace yakan ɗan tsuke da rana in ganye na zubar da ruwa, ya kumbura da dare in ya sake cika, kuma in kumburin dare ya daina mayar da abin da rana ta rage, ƙishi ya kama shi tun kafin ganye ya nuna.

Inda wannan ilimi ya fi shafar yankin yanzu shi ne kwarin Tarka, ƙasar Madawa. Tun ƙarshen shekarun 1980, lokacin da furojen Tarka mai tallafin Turai ya yaɗa rijiyoyin bututu da injin ban-ruwa, albasa ta zama dukiyar kwarin, tana cika manyan motoci zuwa Abijan da Akara. A irin waɗannan fadamu ne turare ya sami wurin zama, a bakin garka da gefen rijiya, domin mai lambu yana son sandarsa miƙaƙƙiya da ake saya don gini da rumfa. Shi ma ruwan ƙarƙashin yake sha, ruwan da injuna ke zuƙa dare da rana tun daga kaka har bazara. Gardamar da aka yi a Indiya a shekarun 1980 kan ko turare na ƙafar da rijiyoyi, wadda ta sa FAO ta fitar da rahoto a 1985, ba ta ƙare da e ko a'a ba, ta ƙare da cewa sai an duba ruwan sama da zurfin ruwan kowane wuri. Na'urorin da suka yi wa masu binciken Sadore tsada yanzu sun yi sauƙi, suna aiki da hasken rana, suna aika adadi ta wayar salula. Ƴan allurai a jikin turaren bakin garka, da ma'aunin zurfi a cikin rijiyoyin da ke kusa da shi da waɗanda ke nesa, na tsawon rani uku ko huɗu, za su gaya wa mai albasar Madawa lita nawa kowace sanda ke ci masa kafin ta isa sara.